Asalin Hatha Yoga da Yadda Sufaye Suka San Ta

Abin da ake kira yoga a Turai da Amurka, watau lanƙwasa gaɓoɓi don lafiyar jiki, ƙaramin reshe ne na wata tsohuwar tarbiyya ta masu gudun duniya a ƙasar Hindu. Kalmar hatha a harshen Sanskrit tana nufin ƙarfi ko tilas. Littafin Hatha Yoga Pradipika, wanda Svatmarama ya wallafa a ƙarni na 15, siffofin zama 15 kacal ya bayyana. Babban aikin shi ne sarrafa numfashi, domin a wurinsu numfashi shi ne linzamin hankali.

Musulmi kuwa ba su jahilci wannan ilmi ba. Akwai littafin Larabci a kansa mai suna Haudul Hayat, wanda Shaihu Muhammadu Gausu na Gwaliyor ya mayar Farisanci a ƙarni na 16. Har ma Shaihu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 1859, kuma ɗariƙarsa ta biyo fataken Sahara zuwa Damagaram da Kano, ya ambaci Jukiyya, watau 'yan yoga, cikin ɗariƙu arba'in da ya lissafa a littafinsa Salsabilul Ma'in.