Kwamitin Tarihi na Gari da Aikinsa: Misalin Ganuwar Kano

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya soma gina ganuwar birni, sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Ginin ƙasa ne, ko wace damina sai ta zaftare wani abu daga jikinsa. Abin da ya raya ta shi ne aikin gayya, domin Sarki kan sa talakawa su fito su yi mata yaɓe. Da Turawa suka ci Kano a 1903, amfaninta na yaƙi ya ƙare, gayyar kuma ta mutu. Daga nan masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka far mata.

Ba doka aka rasa ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ɗora mata kiyaye irin waɗannan wurare. Amma Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Ke nan mai tsaron ganuwa daban, mai ba da takardar fili daban. An ga sakamakon haka a 2010, sa'ad da aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya.

Wannan giɓi shi ne kwamitin tarihi na gari yake cikewa. Ya kamata ya ƙunshi wakilan fada, da ƙaramar hukuma, da ofishin safiyo, da malaman jami'a, da magina, da masu unguwanni. Aikinsa na farko shi ne rubuta ko wace ƙofa da masallaci da marina da maƙabarta a rajista, tare da taswirar iyakokinsu. Na biyu, a nemi shawararsa kafin a yanka fili ko a fitar da hanya. Na uku, ya ɗauki bayanin dattawa a faifai, ya kuma lissafa littattafan ajami da ke hannun zuriyar malamai. Na huɗu, ya tabbatar an ware kuɗin yaɓe cikin kasafin ko wace shekara, gama rigakafi ya fi magani.

Ma'aikacin da takardar fili ta zo teburinsa, shi ne mutum na ƙarshe da zai iya duba rajistar nan kafin katafila ta isa wurin. In ya sa hannu bai duba ba, ana iya sake gina ƙofa da siminti, amma wadda kakanni suka gina ta tafi ke nan.