Labarun Aljannu da Jarumai a Waya: Abin da Masu Karatu Ke Faɗa

'Yan'uwa ɗalibai, wanda duk ya fita koyarwar gwaji ya san yara da yawa sun fi karanta labari a waya da buɗe littafi. Daga cikin labarun da su ke so akwai na aljannu da bokaye da jarumai masu takobin tsafi, waɗanda a ke kira littattafan yaƙi. Tun da gobe mu ne malamansu, ya kamata mu san abin da a ke yabo da abin da a ke kushewa a cikinsu.

Irin wannan labari ya daɗe a Hausa. A 1933 Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar rubutu, a 1934 kuwa aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ganɗoki ya fara da yaƙi da Turawa, sa'an nan ya shiga duniyar aljannu. A 1951 Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya fito. Daga baya marubutan Kano, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, suka cika kasuwa da littattafan yaƙi. Yanzu labarun sun koma waya. Marubuci ya kan saki labarinsa kaɗan-kaɗan a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Sau da yawa shafukan farko kyauta ne, in labari ya yi daɗi sai a biya kafin a ga sauran.

Masu yabo sun ce labarun su na koya wa yaro son karatu. Yaron da ba ya iya gama shafi guda na littafin aji, sai ga shi ya kwana ya na bin jarumi daga wannan birni zuwa wancan. Sun ce kuma akwai arha, ba sai an jira littafi ya zo daga Kano ba. Har wa yau mai karatu ya na iya gaya wa marubuci ra'ayinsa nan take. A nan Kafanchan da kewaye, inda yara da yawa ke tashi da Jju ko Tyap ko Hyam a gida, waɗansu sun ce karatun na ƙara musu kalmomin Hausa.

Masu kushewa kuwa sun kawo abu uku. Na farko, tsawaitawa. Da ya ke kuɗin marubuci na bin tsawon labari, ya kan yi ta jan sa, a kashe dodo yau, gobe wansa ya taso, wani lokaci ma a watsar da labarin ba a ƙare ba. Na biyu, jarumin ba ya shan kashi. In ya shiga matsatsi sai zoben tsafi ya fid da shi, watau ba dabara ko haƙuri ne suka cece shi ba. Na uku, rubutun kansa. Babu mai duba shi kafin ya fita, saboda haka a kan bar ƙugiyar haruffa, a rubuta baki inda a ke nufin baƙi, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Yaron da ya saba ganin haka, haka zai rubuta ran jarrabawa.

To, me malami zai yi? Hanawa ba ta da amfani, don abin da aka hana yaro shi ya ke nema. Gara a ɗauki shafi ɗaya a kawo aji, yara su gyara rubutunsa da kansu, kana a gwada shi da wani babi na Ganɗoki, su faɗi wanda ya fi tsari da dalilinsu. Bayan haka a sa kowa ya tambayo kakarsa tatsuniyar garinsu ya rubuto. Duwatsun Kagoro da ƙasar Nok ba su rasa labaru ba, masu rubuta su ne kaɗan. Da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya ba mu hikimar koyarwa, amin.