Zanen gida da na'ura mai ƙwaƙwalwa: abubuwan da ya kamata a kiyaye a ƙasar Hausa ta Nijar

0. Gabatarwa

A da, in mutum ya tashi gina gida a Damagaram ko a Tawa, ba ya neman takarda. Magini ne yake shiga fili, ya auna da taki da igiya, ya ja layi a ƙasa, a kama kwaɓa. Tsarin gidan yana cikin kansa, ya gaje shi daga iyayen gidansa. Daga irin wannan makaranta ne Falke Barmu ya fito, wanda ya soma masallacin Yama cikin jihar Tawa a 1962, masallacin da ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Yau al'amari ya sake. Filin birni yankakke ne, ana neman izinin gini daga ma'aikatar magajin gari, siminti da ƙarfe kuwa ba su gafarta kuskure. Shi ya sa malamai da ɗalibai da yawa suke zana gidansu da kansu a kan na'ura kafin su kira magini.

Manufar wannan kasida ita ce mu bayyana yadda ake wannan aiki, da wuraren da aka fi yin tuntuɓe. Za mu yi amfani da kalmar « manhaja » a madadin abin da ake ce ma logiciel da Faransanci, « ma'aunin zane » a madadin échelle, « yanka » kuma a madadin coupe.

1. Ire-iren manhajoji

Ana iya kasa su gida biyu. Kashi na farko na ƙwararru ne : AutoCAD na kamfanin Autodesk na Amurka, wanda ya fito a 1982, da ArchiCAD na kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungari, da Revit. Suna da tsada, kuma koyonsu yana cin watanni. Kashi na biyu na kowa da kowa ne. Akwai SketchUp, wanda ya fito a 2000, mai sauƙin nuna siffar gini daga waje. Akwai kuma Sweet Home 3D, wanda Bafaranshe Emmanuel Puybaret ya fitar a 2006. Ana samun sa kyauta, yana aiki da Faransanci, kuma ba ya bukatar intanet da zarar an sa shi cikin na'ura. Ga wanda zai zana gida guda na kansa, wannan na ƙarshe ya wadatar.

Abin lura shi ne, dukan waɗannan manhajoji an tsara su ne da gidan Turai ko na Amurka a zuci, wato gida rufaffe, mai siraran bangaye, wanda ake zaman rayuwa cikin ɗakunansa. Wanda ya karɓi abin da manhaja ta ba shi ba tare da gyara ba, gidan wata ƙasa zai gina a Maraɗi.

2. Kafin a kunna na'ura

Aikin farko a fili ake yin shi. A nemo shaidun iyaka huɗu, a auna gefuna huɗu, sa'an nan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallon ta, sau biyu. In filin mita 20 ne a kan 20 kuma kusurwoyinsa daidai suke, kowane ɗaya daga cikin awon biyu zai ba da mita 28,28. In sun bambanta, filin a karkace yake, kuma a karkacen za a zana shi, ko da takardar fili ta nuna shi miƙaƙƙe. A rubuta inda arewa take, da gefen da hanya take, da inda ruwan sama yake bi in ya sauka, da tsayin hanya in an gwada da filin.

Aiki na biyu shi ne zama da iyali. Mutum nawa ne za su kwana a gidan yau, nawa kuma nan da shekara goma ? Da icce ake girki, ko da gas, ko da duka biyu ? Akwai bisashe ? Akwai tsohuwa da ba ta iya hawa bene ? Mai gida shi kaɗai ba ya amsa waɗannan tambayoyi, domin ba shi yake wuni a tsakar gida ba. Tun da yake yawancinmu kaɗan-kaɗan muke gini, gwargwadon abin da albashi ya bari, wajibi ne a zana gidan gaba ɗaya tun farko, sa'an nan a ware abin da za a fara ginawa. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

3. Saita manhaja

3.1. Awo. A sa manhaja ta yi aiki da mita da santimita, domin wasu da inci da ƙafa suke buɗewa. In akwai zanen fili a takarda, ana iya ɗaukar hotonsa a shigar da shi a matsayin shimfiɗa, a nuna ma manhaja tsawon layi guda da aka sani, ita kuma ta daidaita saura.

3.2. Kaurin bango. Nan ne kuskure ya fi yawa. Bangon da manhaja take bayarwa da kanta siriri ne, irin na raba ɗaki. Tubalin siminti da ake bugawa a nan yana da tsawon santimita 40, tsayi 20, kauri 10 ko 15 ko 20. In an ƙara shafe ciki da waje, na 15 ya koma wajen 18, na 20 wajen 23. Bangon ƙasa kuwa yakan kai santimita 40 ko fiye. Alal misali, a ce an zana ɗaki mita 4 a kan 4, amma daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango aka auna. Da bango mai kaurin santimita 20, cikin ɗakin mita 3,80 ne a kan 3,80, wato murabba'in mita 14,44 maimakon 16. Da bangon ƙasa mai santimita 40, abin da ya rage 12,96 ne. Saboda haka a tsai da shawara tun farko, awon ciki ake rubutawa ko na tsakiyar bango, a kuma faɗa ma magini.

3.3. Tsayi. Manhaja takan ba ɗaki tsayin mita 2,50. A ƙarƙashin rufin kwano, cikin zafin Afrilu, wannan ya yi kaɗan, balle in za a rataya fanka. A ɗaga zuwa mita 3 ko fiye, a bar kafofin iska tsakanin kwano da silin.

3.4. Matakala. Ƙa'idar da François Blondel ya bayar a ƙarni na 17 har yau ita ake bi : ninki biyu na tsayin taki, in an haɗa da faɗinsa, ya faɗa tsakanin santimita 60 da 64. Taki mai tsayi 17 da faɗi 28 yana ba da 62. Bene mai tsayin mita 3,06 zai ci taki 18 ke nan.

4. Rana, iska da ruwa

Yamai da Maraɗi suna wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Damagaram kusa da 14, Tawa kusa da 15. Sweet Home 3D da SketchUp duka suna karɓar wurin da gida yake, da kwanan wata da sa'a, su nuna inda inuwa take faɗawa. Sai dai in ba a shigar da wurin ba kuma ba a juya alamar arewa daidai ba, inuwar da aka gani ta wani gari ce.

Abin da za a gani shi ne, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewa da tsakar rana, sauran shekara ta kudu. Bangon arewa da na kudu suna da sauƙin karewa, domin rana tana sama lokacin da take dukan su. A Yamai, ko cikin Disamba da ta fi yin ƙasa, tana kai digiri 53 da tsakar rana, ta yadda rumfa mai faɗin santimita 90 a bisa taga mai tsayin mita 1,20 ta isa ta rufe ta. Gabas da yamma ba su karuwa haka, tun da rana a kwance take shigowa. Don haka a miƙe tsawon gida daga gabas zuwa yamma, a buɗe tagogi kudu da arewa suna kallon juna don iska ta ratsa, a sa ɗakin ajiya ko baranda ko itace a yamma.

Hadarin damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi zaizayewa ; hunturu kuma daga arewa maso gabas yake kawo ƙura. A rage ƙofofi da tagogi a wannan gefe. Bugu da ƙari, manhaja tana nuna ƙasa a shimfiɗe kamar faifai. Ambaliyar 2020 a Yamai da ta 2024 a Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da ke samun gidan da daɓensa yake daidai da hanya. A ɗaga daɓe sama da hanya, a nuna a kan zane inda kowane indararo yake zuba da inda ruwan tsakar gida yake fita.

5. Tsarin gidan Bahaushe

Cikin jerin ɗakunan da manhaja ta sani babu zaure, babu shigifa, babu turaka, tsakar gida kuwa a wurinta saura ce da aka bari bayan an gama gini. A wurinmu ita ce babban ɗaki : nan ake daka, nan ake wanki, nan ake taron suna, nan ake kwana da bazara. Ita ya kamata a fara zanawa, a ba ta awo da suna, sa'an nan a jera ɗakuna kewaye da ita.

Akwai wata dabara mai amfani. Manhaja tana barin mutum ya « shiga » gidan ya duba kamar yana tsaye. A tsai da mai dubawa a bakin ƙofar gida, a ga abin da idonsa yake kaiwa. In yana hango madafa ko ƙofar ɗakin mata, zanen bai yi ba, sai a gusa ƙofa ko a sa bango. Aikin da zaure yake yi ke nan tun kaka da kakanni.

Makewayi yana da sharaɗi biyu. Na farko, kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Daga Yamai har Damagaram alƙibla tana wajen digiri 70 daga arewa zuwa gabas, don haka a juya shi ya kalli kudu ko arewa. Na biyu, ana shawartar a bar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. Fili mai mita 20 a kan 20 ko daga kusurwa zuwa kusurwa bai kai haka ba, wato dole a duba rijiyar maƙwabci da masansa kafin a sa alama.

6. Daga allo zuwa fili

Hoto mai launi yana daɗaɗa rai, amma magini ba ya gini da shi. Abin da yake bukata shi ne zanen daɓe mai awo, da yanka guda ko biyu da ke nuna tsayi, da fuskokin gida, da zanen da ke nuna gida cikin filinsa. Ma'aunin 1/100 yana nufin santimita 1 a takarda mita 1 ne a fili. A 1/50 kuwa santimita 2 ne. In an je bugawa, kada a yarda na'ura ta « daidaita da takarda », domin tana ɓata ma'auni ba tare da an sani ba. A zana sandar awo a ƙasan shafi, a gwada ta da rula bayan an buga. A ajiye aiki akai-akai saboda ɗaukewar wuta, a kuma fitar da shi a PDF domin kowa ya iya buɗewa.

Daga zane ake ƙidayar kaya. Murabba'in mita guda na bango yana cin tubalin siminti 12 da rabi. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 zai ci 375, a cire ƙofofi da tagogi, a ƙara kaɗan saboda fashewa.

7. Kammalawa

Manhaja tana zana duk abin da aka ce ta zana. Za ta yarda da salo mai faɗin mita 8 ba ginshiƙi, za ta ɗora bangon bene a inda babu komai a ƙasa, ba za ta ce uffan ba. Ba ta san ƙasar da za a haƙa harsashi a ciki ba, ba ta san azara ba ta wuce wajen mita 2 ba tare da tallafi ba. Lissafin ƙarfe da harsashi da rufin siminti aikin injiniya ne, zanen da za a kai neman izini kuma a bar ma mai zanen gine-gine ya duba shi.

Kada kuma a ɗauka zane da na'ura yana tilasta gini da siminti. Gidajen Niamey 2000 da aka gama a 2016, da masallacin Dandaji na 2018, waɗanda Mariam Issoufou Kamara ta yi da abokan aikinta, da tubalin ƙasa matsattse aka gina su. Amfanin zanen da mai gida ya yi da hannunsa shi ne ya san abin da yake so kafin ya zauna da ƙwararru, ya kuma rushe bango sau goma a kan allo maimakon ya rushe shi sau ɗaya a fili.