Yaro da wasan alkafura: daga ina ake farawa?



Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda aka juye tifar yashi a unguwa da yamma, ya san abin da zai gani: yara sun yi layi, wannan ya sheƙo da gudu ya wuntsila a sama, wancan ya kafa hannu yana tafiya ƙafafu a sama, sauran suna ihu. Abin da muke kira alkafura kenan, kuma shi ne tushen wasan da duniya ta sani da jimnastik, wanda hukumarsa ta duniya ta kafu tun 1881. A yau za mu duba yadda ake ɗaukar yaro daga wannan wasan banza a kai shi ga wasa mai tsari, ba tare da an karya shi a hanya ba.

Bari mu fara da Rebeca Andrade ta ƙasar Brazil. An haife ta a 1999 a garin Guarulhos, dab da Sao Paulo. Mahaifiyarta aikatau take yi a gidajen mutane, ita kaɗai ke riƙe da 'ya'ya takwas. Rebeca tana da shekara 4 wata 'yar uwar iyayenta ta kai ta wani ɗakin wasanni na hukumar garin, inda ake koyar da 'ya'yan talakawa kyauta. Ranar da babu kuɗin mota, yayanta ne ke raka ta a ƙasa, tafiyar kusan awa biyu. Sau uku aka yi mata tiyata a gwiwa, a 2015 da 2017 da 2019, kuma kowane karo ta dawo. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 ta ci zinare a wasan dandali, har Simone Biles ta Amurka ta durƙusa mata a kan dandamalin karɓar lambar yabo. Lambobinta na Olamfik shida ne, babu ɗan Brazil ɗin da ya kai haka.

Ita ma Biles da wasa ta fara. Tana shekara 6 aka kai ta yawon buɗe ido wani ɗakin jimnastik a Houston, ta ga manyan yara suna juyi ta shiga kwaikwayonsu, malamai suka lura, aka aika wa gida takarda.

To me ake koya wa yaro ɗan shekara huɗu ko biyar? Abu na farko shi ne faɗuwa. Ana nuna masa yadda zai diro da gwiwoyi a lanƙwashe, da yadda zai sunkuyar da kai ya mirgina a kan katifa har nauyinsa ya bi ta kafaɗa da baya, wuya ya tsira. Daga nan sai rataya a sandar ƙarfe mara tsawo don hannu ya yi ƙarfi, da tafiya a kan katako da aka shimfiɗa a ƙasa. Katakon da manya ke wasa a kai faɗinsa santimita 10 ne kacal, tsawonsa daga ƙasa mita 1.25, don haka malami mai hankali ba ya hawar da yaro can sai ƙafarsa ta saba a ƙasa. Juyin baya a iska, wanda yaranmu suka fi ɗoki, shi ne ya kamata ya zo daga ƙarshe, kuma da hannun malami a bayan yaro. Ƙasusuwan wuyan hannun yaro ba su gama ƙwari ba, yawan dora musu nauyi kullum yana jawo ciwon da kan daɗe.

Gaggawa ita ce babbar cutar wannan wasa. Nadia Comaneci ta Romaniya tana da shekara 14 ta samu maki 10 cif a Montreal a 1976, abin da ba a taɓa yi ba a Olamfik, har allon maki ya nuna 1.00 saboda ba a ƙera shi da gurbin goma ba. Bayanta ƙasashe suka yi ta tura ƙananan 'yan mata horo mai tsanani, har a 1997 aka ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 16. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A 2018 aka ɗaure Larry Nassar, likitan tawagar Amurka, bayan mata fiye da 150 sun tsaya a kotu sun bayyana yadda ya ci zarafinsu, da yawansu tun suna yara. Wannan ya isa ya sa kowane uba ya ƙi wurin horon da ake rufe ƙofa a hana iyaye kallo.

Afirka ma ta fara shiga sahu. Uche Eke ya ci wa Najeriya zinare a wasannin Afirka na Rabat a 2019, sannan ya zama ɗan Najeriya na farko da ya yi jimnastik a Olamfik, a Tokyo. Kaylia Nemour ta Aljeriya kuma, tana shekara 17, ta kawo wa nahiyar zinarenta na farko a wannan wasa a Paris. Sai dai Eke a Amurka ya samu horo, Nemour kuma a Faransa, alhali yaran da ke kan tarin yashi ba su rasa gwaninta ba, katifa da malami suka rasa.

Saboda haka, iyaye, in kun ga ɗanku ba ya zama sai wuntsile-wuntsile, kada ku kashe masa gwiwa da tsawa. Ku raba shi da siminti da kwalta, ku nema masa malamin wasanni da ya san aikin, ku kuma zauna ku kalli horon da idonku.