Abincin tamowa: gaskiya da ƙarya cikin maganganun gari

Duk damina, idan rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, cibiyoyin kula da tamowa a Katsina, Sakkwato, Zamfara da Maraɗi sukan cika maƙil. A nan ake ba uwaye ledojin abincin tamowa, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut. Maganganu iri-iri na yawo a kansa. Wasu na da tushe, wasu kuwa rayukan yara suke ci.

Mafi muni ita ce wadda ke cewa an zuba maganin hana haihuwa a ciki. Ƙarya ce tsagwaronta. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da sukari da man girki, aka ƙara sinadaran gina jiki. Wani likitan yara ɗan Faransa, André Briend, shi ya haɗa shi a 1996, kuma yau ana sarrafa irinsa a Yamai da Kano da Legas. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasari da wannan abincin. Irin wannan zargi na hana haihuwa aka yi wa rigakafin shan-inna a 2003 har aka dakatar da shi a Kano, cutar kuwa ta sake bazuwa, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye.

Batun cewa ana sayar da shi a kasuwa kuwa gaskiya ne, abin takaici. Kyauta ake bayar da shi, amma ana ganinsa a teburin masu tireda. Wani lokaci ta hannun ma'aikata marasa tsoron Allah yake fita, wani lokaci uwa ce ke sayar da 'yan ledoji don ta sayi kwanon masara. Ba na gaggawar zarginta, domin wadda ke da yara biyar da tukunya babu komai tana cikin halin da mai ƙoshi bai sani ba. Sai dai kowace leda giram 92 ce, kuma da nauyin yaro ake lissafa adadin da zai sha a rana. Idan aka raba da yayyensa, ko maigida ya ɗauka ya shafa a burodi, jinyar mako shida zuwa takwas sai ta ja, yaro ya koma gidan jiya. Magani ne, a ɗauke shi a matsayin magani.

Akwai kuma masu cewa yaro "ya sha ciki", wato nonon uwa ya lalace don ta samu juna biyu. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yayen gaggawa da ake yi wa yaron, a kai shi gidan kaka a bar shi da koko tsinkakke, shi ke jefa shi cikin tamowa. Haka dakashi, nonon farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar jariri ta farko daga cututtuka.

Kumburi ma yana ruɗin mutane, a ce yaro ya yi ƙiba, ko a ce iska ce ko sammu. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan gurbin ya zauna, tamowa ce mai tsanani. Ma'aikatan lafiya suna da madaurin awo mai launi da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, jinya ta wajaba. Kuma ba rashin abinci kaɗai ke kawo tamowa ba: ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro kan ramar da yaro ko a gidan da ake cin tuwo sau uku.

Ba a dama abincin da ruwa ko kunu. Daga leda yaro zai sha, a ba shi ruwa mai tsabta, a ci gaba da shayar da shi nono. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a ba shi. Yaron da ya ƙi karɓa, ko yake amai, ko jikinsa ya saki, asibiti za a kai shi a ranar, inda ake fara shi da madara ta musamman kafin ya iya shan ledar.