Ƙungiyoyin Taimakon Jama'a da Siyasa: Ina Doka Ta Ja Layi?

A ƙasashe da yawa na duniya akwai ƙungiyoyin da ba a kafa su don neman riba ba. Wasu suna kula da marayu. Wasu suna gina asibiti ko makaranta. Wasu kuma na addini ne. Gwamnati takan yafe wa irin waɗannan ƙungiyoyi haraji, domin aikinsu na amfanin kowa ne. To amma wannan rangwame yana da sharaɗi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙasar Amurka ta daɗe da rubuta nata sharaɗin a doka, kuma akwai darasi a cikinsa.

Yadda dokar Amurka ta samo asali

A shekarar 1954 wani sanata daga jihar Texas mai suna Lyndon Johnson ya kawo gyara a dokar haraji, majalisa kuma ta amince. Wannan mutum shi ne ya zama shugaban Amurka a 1963. Har yanzu da sunansa ake kiran gyaran.

Abin da gyaran ya ce a taƙaice shi ne: ƙungiyar jinƙai ko ta ilimi ko ta addini da aka yafe wa haraji ba za ta shiga yaƙin neman zaɓe ba. Ba za ta ce a zaɓi wane ba. Ba za ta ce kada a zaɓi wane ba. Ba za ta ba ɗan takara ko jam'iyya kuɗinta ba. Idan ta yi haka, hukumar tara haraji ta ƙasar, wadda ake kira IRS, tana iya janye rangwamen.

Me ya sa aka yi wannan doka?

A Amurka, wanda ya ba irin wannan ƙungiya gudummawa ana iya rage masa haraji. Ga misali. A ce mutum ya sami dala 1,000, ya ba gidan marayu dala 100. To sai a lissafa harajinsa a kan dala 900. Amma wanda ya ba ɗan siyasa kuɗi ba a rage masa ko kwabo.

Yanzu mai karatu ya duba. Da za a bar ƙungiyoyin su yi kamfe, da masu kuɗi sun riƙa bi ta cikinsu suna miƙa wa 'yan takara kuɗi, sannan a rage musu haraji. Ke nan baitulmalin jama'a ne zai yi asara don wani ya ci zaɓe. Kuma baitulmali na kowa ne, har da waɗanda ba sa son wannan ɗan takara.

Wani coci da ya taka dokar

A 1992, saura kwana huɗu a yi zaɓen shugaban ƙasa, wani coci da ke jihar New York ya sayi shafi guda a manyan jaridu biyu. Ya yi kira ga Kiristoci kada su zaɓi Bill Clinton. A ƙasan tallar kuma ya nemi gudummawar kuɗi. A 1995 hukumar haraji ta janye masa rangwame. Cocin ya kai ƙara, amma a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta ba hukumar gaskiya.

Duk da haka ba a daina jayayya a kan dokar ba. Wasu shugabannin addini suna ganin ta ɗaure musu baki. A watan Yuli na 2025 hukumar harajin ta shaida wa wata kotu a Texas cewa idan shugaban addini ya yi wa mabiyansa maganar ɗan takara a cikin ibadarsu, ba ta ɗauki wannan a matsayin karya doka ba. Amma wannan magana ba ta soke dokar 1954 ba.

Abin da dokar ba ta hana ba

Ƙungiya tana iya wayar wa jama'a da kai su yi rajistar zaɓe. Tana iya koya musu yadda ake jefa ƙuri'a. Tana iya gayyatar 'yan takara su zo su yi bayani, muddin an ba kowa dama daidai. Tana iya kai koken jama'a ga 'yan majalisa, in dai wannan bai zama babban aikinta ba. Shi ma shugaban ƙungiya yana da 'yancin goyon bayan wanda yake so da sunan kansa, ba da sunan ƙungiya ba.

To a Nijeriya fa?

A nan ma akwai makamancin wannan. Ƙungiyoyin ci gaban gari, da na addini, da na jinƙai sukan yi rajistar amintattunsu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Dukiyar irin wannan ƙungiya ba ta rabo ba ce. Sai dai a kashe ta a kan aikin da aka kafa ƙungiyar dominsa. Masu aikin addini da ilimi da jinƙai don amfanin jama'a an yafe musu haraji a kan abin da suka samu, in dai ba ta hanyar kasuwanci ya shigo ba.

Game da siyasa kuwa, Tsarin Mulki na 1999 ya yi magana a fili. Sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyyar siyasa ba nema wa ɗan takara ƙuri'a. Ya kuma hana ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko biya wa ɗan takara kuɗin kamfe.

Wannan ya shafi ƙungiyar manoma, da ta mata, da ta matasan ƙauye. Idan zaɓe ya ƙarato, 'yan siyasa sukan zo neman shugabanninsu, su ce a kawo musu ƙuri'un 'yan ƙungiya gaba ɗaya. Wanda ya amsa ya jawo wa ƙungiyarsa matsala biyu. Na farko, ya saɓa doka. Na biyu, ya raba kan 'yan'uwansa, domin ba duka suke jam'iyya ɗaya ba. Idan kuma wanda aka bi ya faɗi zaɓe, wa zai saurari koken ƙungiyar a kan rijiya ko taki ko gyaran hanya?

Saboda haka shugabannin ƙungiyoyi su kiyaye abu uku. Kada a taɓa asusun ƙungiya don kamfe. Kada a buga sunanta ko hatiminta a takardar goyon bayan wani. Idan an gayyaci ɗan takara ɗaya, a gayyaci sauran. Kowane ɗan ƙungiya ya riƙe katinsa na zaɓe, ranar zaɓe ya je ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai.