Yadda ake gano tarihin motar hannu da waɗanda suka riƙe ta kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa zagaya wurin dillalan mota a Kano ko Kaduna ya san zancen da ake yi wa mai saye: motar wata tsohuwa ce a Amurka, daga gida sai kasuwa, ba ta taɓa ko gogar bango ba. Wannan tsohuwa dai ta mallaki motoci da yawa. A da sai dai mutum ya yarda ko ya haƙura, amma yanzu wayar da ke aljihunsa tana iya gaskata zancen ko ta ƙaryata shi cikin 'yan mintoci, matuƙar ya san abin da zai nema da inda zai neme shi.

Mabuɗin binciken shi ne lambar VIN, wadda makanikai da dillalai ke kira lambar casis. Haruffa ne da alƙaluma guda 17, tsarin da aka tsayar a Amurka tun 1981, kuma kowace mota da tata. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin wata 'yar takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin kuma an buga ta a ƙarfe a cikin bonet. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Duk lambar da aka ga ɗayansu a ciki, ko dai an yi kuskuren kwafa ko an taɓa ta.

Lambar kanta tana magana tun kafin a shiga intanet. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka ƙera motar. 2 Kanada ce, 3 yawanci Meziko, J Japan, K Koriya, W Jamus. Wanda ya fi amfani ga mai saye shi ne na goma, domin shi ke nuna shekarar samfurin a motocin kasuwar Amurka. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9. Daga 2010 aka koma haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, haka har L ta 2020. Nan asirin sauya fuska yake tonuwa. Akan ɗauko jif ta 2010 a canza mata fitilu da bamba da raga ta koma kamar ta 2018, a saka mata kuɗin 2018. Harafi na goma zai ce A, ba J ba.

Sunan mai motar fa?

A nan mutane da yawa suke cin karo da abin da ba su zata ba. Idan motar daga Amurka ta fito, babu manhajar halal da za ta bayar da suna ko adireshin wanda ya riƙe ta. Dalili wata doka ce ta 1994 da ta hana ofisoshin rajistar motoci na jihohin Amurka sakin bayanan mutane ga duk wanda ya tambaya. An yi ta ne bayan kisan 'yar fim Rebecca Schaeffer a 1989, wadda makashinta ya samo adireshin gidanta ta hannun wani mai bincike da ya ciro shi daga rajistar motocin Kalifoniya. Saboda haka shafin da ya ce a biya shi ya kawo sunan mai motar, kuɗin katin mutum kawai yake so.

Abin da ake samu ya ma fi suna amfani. Rahoton Carfax ko AutoCheck, waɗanda ake biya da dala, yana nuna mutum nawa suka mallaki motar, a wace jiha, shekara nawa kowa ya yi da ita, da ko ta gida ce ko ta kamfanin haya ko tasi. Yana kawo haɗurran da aka kai rahoto, da tazarar da mita ta nuna duk lokacin da aka kai ta gyara ko sabunta rajista. Idan rahoto ya ce a 2019 ta ci mil 180,000, yau kuma allon gabanta yana nuna 95,000, an mayar da mita baya. A tuna cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga, kuma mil ɗaya kusan kilomita 1.6 ne.

Kalmar da ya kamata a fi zuba wa ido a rahoton ita ce salvage. Ma'anarta kamfanin inshora ya duba motar ya ga gyaranta bai cancanci kuɗinsa ba, ya biya mai ita, ya tura ta gwanjo. Kaso mai yawa na motocin da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga gwanjon Copart da IAAI suke. Wannan kaɗai ba aibi ba ne, domin wata ƙofa ce kawai ta lotse. Wadda ake gudu ita ce ta ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Texas, kuma irinsu suna yin kyau a ido bayan wanki, sai an yi wata shida wayoyi su fara tsatsa, fitilun allo su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai hanyoyin da ba a biyan ko sisi. Mafi sauƙi, a rubuta lambar VIN a Google a shiga ɓangaren hotuna. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan, da gaban motar a murƙushe da jakar iska a fashe. Sai VINCheck na hukumar NICB, wanda ke nuna ko an kai rahoton sace motar ko inshora ta yafe ta, bincike biyar a rana. Shafin hukumar NHTSA kuma yana faɗin ko kamfanin da ya ƙera ta ya yi kiran a mayar da ita gyara kuma ba a yi ba. Motocin Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, bayanansu ba su kai haka yawa ba, ya danganta da ƙasar da suka fito.

Duk wannan ya dogara da cewa lambar ta gaskiya ce. Ɓarayi sukan ɗauko lambar wata mota mai tsabta su manna wa ta sata, kuma sace motoci a Kanada a loda su jirgi zuwa Afirka ta Yamma abu ne da 'yan sandan can suka sha magana a kansa. Maganinsa wata 'yar na'ura ce mai araha, ELM327, da ake soka ta a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Manhaja irin Car Scanner ko Torque tana karanto lambar da ke cikin kwamfutar motar, a yawancin motocin da ba su tsufa sosai ba. Idan ta bambanta da ta gilashi, ko dai an canza kwamfutar ko an canza lambar. Dole mai sayarwa ya yi bayani.

Idan an riga an hau ta a Najeriya

A nan sunan yana da muhimmanci, kuma a takarda ake samunsa. Shaidar mallaka, lasin mota da takardar inshora duk su ɗauki suna ɗaya, lambar casis ɗaya. Idan sunan da ke jiki ba na mai sayarwa ba ne, sai ya nuna takardar cinikin da ta kawo motar hannunsa, ko a haɗa mai saye da mai sunan, ido da ido ko a kiran bidiyo. Dillalin da ya ce mai motar ya yi tafiya kuma wayarsa ba ta shiga, a bar masa motarsa.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da shafin tantance lambar mota, inda za a saka lambar ya faɗi ko ta gaskiya ce da irin motar da aka bai wa. Ba ya bayar da suna. Amma idan ya ce Honda Accord alhali Corolla ce a gaban mutum, magana ta ƙare. Haruffa uku na farkon lamba kuma ƙaramar hukumar da aka yi rajista ce, KMC birnin Kano, DAL Dala, KJA Ikeja, wanda ke nuna ofishin da fayil ɗin yake. Rundunar 'yan sanda tana da tata rajistar, CMR, inda ake ajiye rahoton motocin da aka sace.

Sai takardar kwastan, wadda ake yawan yin jabunta. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano tana buƙatar dubawa biyu. A ɗauki lambar takardar a kai ofishin kwastan su tabbatar an biya kuɗin fito, domin motar da ba a biya mata ba ana iya ƙwace ta a hanya ko da ta wuce hannu uku, kuma wanda aka kama da ita shi zai yi asara. Ta sata ta fi muni, don karɓar kayan sata laifi ne, sai mutum ya sha zirga-zirgar caji ofis kafin a yarda bai sani ba.

Wani lokaci sunan tsohon mai motar yana fitowa ba tare da an nema ba, a jerin wayoyin da suka taɓa haɗuwa da rediyonta, ko adireshin gida a taswirar allo, ko rasit a aljihun dashbod. Rasit ɗin gareji yana da amfani, tunda yana ɗauke da rana da tazarar mita da za a gwada da rahoto. Sauran kuwa bayanan wani ne, a shiga saitin allon a goge su, sannan mutum ya tuna da goge nasa ranar da shi ma zai sayar.